Kafin A Ce A Kai Shi Gaba

A asibitocin karkara na ƙasar nan akwai wata 'yar gajeriyar magana wadda in ta fito daga bakin likita takan sa jikin dangin majiyyaci ya yi sanyi, watau a ce musu, "Wannan sai dai a kai shi gaba." Gaban nan kuwa ba kusa ba ne. Ga mutumin Zuru ko Yawuri yana iya zama Sakkwato, ga na Nguru ko Gashuwa yana iya zama Kano ko Maiduguri, ga wanda ke kan tsaunin Mambila kuwa sai ya gangaro Jalingo, wataƙila ma daga can a sake ce masa ya wuce Yola ko Gombe. Kafin a tashi sai an nemi kuɗin shatar mota, an sayar da akuya ko buhun hatsi, an sami wanda zai bar gonarsa ya je jinya. Da yawa ba sa zuwa ko'ina. Sukan karɓi takardar da likita ya rubuta, su yi godiya, su koma gida da majiyyacinsu su jira hukuncin Allah.

Shi ma likitan da ya faɗi maganar ba daɗinta ya ji ba. Sau da yawa matashi ne, wani lokaci ma ɗan bautar ƙasa, shi kaɗai a asibitin da ke karɓar masu haihuwa da masu haɗarin mota da yara masu zazzaɓi duk a rana guda. Ba kullum ne rashin kayan aiki ke sa shi tura mutum gaba ba. Wani sa'i abin da ya rasa kawai shi ne wani babba wanda ya ga irin wannan cuta sau ɗari, wanda zai duba hoton ƙirjin tare da shi, ya ce masa ƙara wannan magani, rage wancan, in ka ga kaza bayan kwana uku to lalle ka turo shi. Maganar minti goma ce. Amma da yake babu hanyar yin ta, sai a ɗora mai ciwo a mota a yini ana gwara shi da ramukan hanya.

A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci masu lasisi a Nijeriya kimanin 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ɗin ma, musamman ƙwararru, sun taru ne a Legas da Abuja da garuruwan da ke da asibitocin koyarwa. Ba a gina ƙwararren likita a shekara ɗaya ko biyu. Saboda haka tambayar da ke gaban mai hankali ita ce yadda za a miƙa ilmin 'yan kaɗan ɗin da ake da su zuwa wuraren da ƙafarsu ba ta kaiwa.

Tunanin likitoci su gana ta na'ura mai hoto ba na yau ba ne. Tun 1959 wata cibiyar kula da masu taɓin hankali a jihar Nebraska ta Amurka ta fara amfani da talabijin mai kai hoto da dawo da shi, a 1964 kuma ta ja layi zuwa wani asibiti mai nisan mil 112. Abin ya yi aiki, amma tsadarsa ta sa bai yaɗu ba. Nijeriya ma ta gwada nata. A 2007, shekarar da aka harba tauraron ɗan Adam na sadarwa mai suna NigComSat-1 daga ƙasar Sin, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa ta kafa shirin gwaji wanda ya haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya, cikinsu har da Gombe da Birnin Kebbi, da wata babbar mota mai zagaya ƙauyuka. A watan Nuwamba na 2008 tauraron ya lalace, wanda ya maye gurbinsa kuwa bai tashi ba sai Disamba na 2011. A 2009 gwamnatin Indiya ta buɗe nata shirin na haɗa asibitocin Afirka da manyan asibitocinta, Ibadan na ciki. Duk shirye-shiryen nan niyyarsu kyakkyawa ce, ba shakka, sai dai an ɗora su ne a kan na'urori masu tsada da ɗaki na musamman da injiniya na musamman, ta yadda in ɗaya ya faɗi sauran sai su bi shi.

Wanda ya bi ta wata hanya dabam shi ne wani likitan hanta haifaffen Indiya, Dakta Sanjeev Arora, na Jami'ar New Mexico da ke birnin Albuquerque. Jihar New Mexico ƙasa ce mai faɗi, ta ninka Jihar Neja sau huɗu, amma mutanenta a lokacin ba su cika miliyan biyu ba, yawancin yankunanta kuwa hamada ce da ƙananan garuruwa, da talakawa da yawa. Mai karatu zai iya mamakin jin cewa a Amurka ma akwai inda ganin ƙwararren likita ke zama aiki, amma haka abin yake. An ƙiyasta cewa mutum 28,000 ne a jihar ke ɗauke da ciwon hanta nau'in C, kuma waɗanda aka yi wa magani ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. Mai son ganin Dakta Arora sai ya jira wata takwas.

Shi da kansa ya sha ba da labarin wata mata 'yar shekara 43, mai 'ya'ya biyu, mijinta ya rasu, wadda ta zo wurinsa a 2001. Ta san tana da ciwon tun shekara takwas kafin nan, amma garinsu na da nisan wajen mil 200, maganin kuma na bukatar zuwa da dawowa sau da yawa, ita kuwa ba ta da halin barin aiki da yara. Ba ta zo ba sai da ciwon ciki ya hana ta sakat. Da aka duba aka tarar sankara ta riga ta kama hantar, ta wuce a yi mata aiki. Bayan 'yan watanni ta rasu. Abin da ya tsaya wa likitan a rai shi ne, ciwon yana da magani, maganin yana nan a jihar, shi kuma ya san yadda ake ba da shi.

Dalilin da ya sa likitocin karkara ba sa taɓa wannan ciwo a lokacin yana da tushe. Maganin da ake da shi allura ce mai suna interferon wadda ake yi duk mako, tare da ƙwayar ribavirin, har tsawon mako 24 ko 48. Magani ne mai wahalar da jiki: yana kawo zazzaɓi da kasala, yana rage jini, yana jefa wasu cikin baƙin ciki mai tsanani har su yi tunanin kashe kansu. Tilas a riƙa gwada jini ana daidaita yawansa. Likitan da bai saba ba yana da gaskiya in ya ji tsoro.

A 2003 Dakta Arora ya kafa abin da ya kira shirin ECHO, kalmar da a Turance ke nufin amsa-kuwwa. Ya zagaya jihar da mota yana neman likitoci da nas-nas da mataimakan likita da za su yarda su koyi maganin ciwon, a ƙananan asibitoci har da na gidajen yari. Sharaɗin ɗaya ne, watau sau ɗaya a kowane mako, na wajen awa biyu, kowa zai zauna a inda yake a haɗu ta allo. A cibiya akwai likitan hanta da mai harhaɗa magunguna da likitan ƙwaƙwalwa da nas. A rassa kuwa kowane likita zai kawo matsalar majiyyacinsa, ba tare da faɗin sunansa ba: shekarunsa kaza, gwajin jini ya nuna kaza, yana shan giya ko ya daina, ga abin da ya faru bayan allura ta shida. Sai 'yan'uwansa na sauran rassa su fara yi masa tambayoyi, sa'an nan ƙwararru su faɗi nasu, a tsai da shawara. A ƙarshe a yi ɗan gajeren darasi na minti goma ko sha biyar a tashi.

A nan ne ya kamata a lura da abin da ya bambanta wannan da yadda mutane suka saba ɗaukar likita ta waya. Majiyyaci ba ya bayyana a allon ko kaɗan. In da ƙwararren zai riƙa duba marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya ta na'ura, da ya sauƙaƙe musu tafiya, amma yawan waɗanda zai gani a rana bai ƙaru ba, domin sa'o'insa ba su ƙaru ba. Amma in likita ashirin suka saurari matsala goma kowane mako, to kafin shekara ta zagayo kowannensu ya ji ɗaruruwan matsaloli an warware su a gabansa, har ya kai ba ya kawo wa taron sai mai wuyar gaske. Haka ake koyar da likitoci a asibitin koyarwa tun asali, babba na gaba, ƙanana na biye, ana tsayawa a gado bayan gado. Abin da aka yi kawai shi ne an shimfiɗa zagayen ya kai mil ɗaruruwa.

Da yake likitoci mutane ne masu son hujja, sai aka auna. A watan Yuni na 2011 mujallar likitanci ta New England ta buga sakamakon majiyyata 407. Daga cikin 146 da aka yi wa magani a asibitin jami'a, 84 suka warke, watau kashi 57.5 cikin ɗari. Daga cikin 261 da aka yi wa a rassa 21, goma sha shida na karkara biyar na gidajen yari, 152 suka warke, kashi 58.2 cikin ɗari. Waɗanda maganin ya yi wa mummunar illa sun kai kashi 13.7 a jami'a, a rassa kuwa kashi 6.9. Gaskiya ne ba ƙuri'a aka jefa wajen raba majiyyatan gida biyu ba, don haka ba za a ce karkara ta fi birni ba. Amma an tabbatar ba ta gaza ba, wannan kuwa ya isa. Ba abin mamaki ba ne ma, domin likitan garinku ya san gidanku, ya san in kin daina zuwa, yana iya aikawa a kira ki. Jiran ganin Dakta Arora ya sauko daga wata takwas zuwa mako biyu.

Daga ƙarshen 2013 aka fara samun sababbin ƙwayoyi masu warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari a wata biyu ko uku, aka yi sallama da allurar interferon. Amma tsarin taron bai mutu da ita ba, domin an riga an ɗauke shi zuwa ciwon sukari da tarin fuka da sankara da taɓin hankali. A 2015 ƙasar Namibiya ta fara amfani da shi wajen cutar ƙanjamau, daga nan ya bazu a Afirka, har ya iso Nijeriya ta hannun masu yaƙi da wannan cuta.

Tun kafin wannan, maƙwabta na yamma sun koyi wani darasi nasu. A 2001 wasu matasan likitoci a Bamako ta ƙasar Mali, tare da asibitocin Jami'ar Geneva ta Suwizalan, suka kafa hanyar sadarwa wadda aka sani da RAFT, ta kuma bazu zuwa ƙasashen da ke magana da Faransanci, Nijar na ciki. Intanet ɗin da suke da shi a lokacin rarrafe yake yi. Maimakon su zauna jiran babban layi, sai suka ƙera manhaja mai suna Dudal, sunan da Bafulatani zai gane nan take, domin a Fulatanci duɗal ita ce makaranta. An tsara ta ta yi aiki da layin da bai wuce kilobit 30 a daƙiƙa ba. Dabarar ita ce a fifita murya da rubutu da hoton gwaji, fuskar mai magana kuwa a bar ta 'yar ƙarama a gefe, in ta tsaya ma ba komai. Lalle sun yi tunani, domin likitan da ke ƙauye ba gemun farfesa yake son gani ba, hoton ƙashin da ya karye yake so a duba. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama mafi yawan darussan daga Afirka ake ba da su, domin wanda ya yi aiki inda babu na'urar hoton ƙwaƙwalwa shi ya fi sanin shawarar da za ta yi amfani a inda babu ita.

Yau abin da a da sai gwamnati ta harba tauraro yana cikin aljihun kowane ma'aikacin asibiti. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, manhajar Zoom ta fito a 2013, WhatsApp ya ƙara kiran bidiyo a 2016, annobar korona ta 2020 kuma ta tilasta wa manyan farfesoshin da a da ko saƙon waya sai an rubuta musu su koyi shiga taro ta allo. Shi kansa shirin ECHO da na'urori masu tsada ya fara, daga baya ya koma Zoom. Taron awa guda na cin wajen gigabait ɗaya, ƙasa da haka in an kashe hoto. Ko an haɗa da kuɗin 'yar lasifika da batir mai caji da hasken rana, bai kai abin da iyali guda ke kashewa a tafiya ɗaya zuwa asibitin koyarwa ba. Ga kuma 'yan ƙasa da suka tafi aiki waje. Agogon Landan daidai yake da na Kano rabin shekara, sauran rabin kuma awa ɗaya ce tsakani, na Jidda da Riyad awa biyu ne a gaba. Likitan da ya tafi ba lalle ne a rasa shi gaba ɗaya ba in akwai inda zai zauna awa guda a mako.

To, amma kada sauƙin na'ura ya rufe ido daga sauran abubuwa. Wutar lantarki da layin sadarwa ba su da tabbas a wuraren da aka fi bukatarsu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba a jin kowa. Duk tsarin da bai tanadi abin da za a yi a irin wannan rana ba, bai gama shiri ba. Har ila yau shawara ba ta zama magani. In ƙwararre ya ce a ƙara wa mai jego jini alhali asibitin ba shi da ma'ajiyar jini, ko ya ce a gwada gishirin jikinta alhali na'urar ta mutu tun bara, to an dai yi magana. Abin da taron zai iya yi a nan shi ne ya sa a gane da wuri wanda tilas a tura, a kuma sanar da masu karɓarsa tun yana hanya, maimakon ya isa da tsakar dare ba wanda ya san da zuwansa.

Sai batun sirri, wanda ya fi kowanne saurin lalacewa. Likitoci da nas-nas sun riga sun saba tura wa juna hotuna a zaurukan WhatsApp, da kyakkyawar niyya. Amma hoton da ya shiga waya talatin ya fita daga hannun mai shi. A ƙaramin gari ba sai an rubuta suna ba. Zanen da mace ta ɗaura, ko tsagen fuskarta, ko lallen hannunta ya isa a gane ta, in kuwa ciwon na ɓoye ne, kamar ƙanjamau ko yoyon fitsari, aure na iya mutuwa a kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu, amma tun kafin doka amana ce. Tilas a nemi izinin majiyyaci da harshen da yake ji, a rufe fuska, a goge suna da lambar kati, a kuma san kowa da ke cikin taron. Haka nan ya zama sananne tun farko cewa alhakin majiyyaci na wuyan likitan da ke tare da shi, na nesa mai ba da shawara ne.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. Duk wanda ya san asibitin koyarwa ya san yadda wasu manya ke tsinka ƙaramin likita a gaban majiyyata da ɗalibai saboda tambaya ɗaya da ya kasa amsawa. In aka kwaso wannan hali aka kawo shi allo, inda abokan aiki na garuruwa ashirin ke saurare, to mako na biyu ba wanda zai kawo matsala, ko kuma kowa ya kawo wadda ya riga ya san amsarta. Masu shirin ECHO sun gane haka, shi ya sa suke horar da ƙwararrunsu yadda za su gyara kuskure ba tare da kunyata mai shi ba, kuma ake barin na rassa su fara magana kafin na cibiya. Sau da yawa ma nas ɗin da ta shekara goma sha biyar a ƙauye ita ke gaya wa farfesa dalilin da ya sa majiyyata ke daina shan magani da damina, ko abin da suke fara sha a gida kafin su zo, ko wanda za a roƙa a cikin gida kafin a bar mace ta kwana a asibiti.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan tarurruka shi ne gajiya. Makon farko kowa na ɗoki, mako na shida babban likita ya tafi taro Abuja, na bakwai an manta ba a tura sanarwa ba, shi ke nan. Inda abin ya ɗore, an sa sa'o'in taron cikin aikin da ake biyan ƙwararre albashi dominsa, an kuma lissafa wa mahalarta shi cikin makin ƙarin ilmi da ake nema wajen sabunta lasisi. Sa'an nan akwai wani ma'aikaci guda wanda ba likita ba ne, ba a kuma jin sunansa a wurin bikin buɗewa. Shi ke tura fam ɗin da za a cika bayanin majiyyaci kwana biyu kafin taro, ya duba ko an bar suna a ciki ya goge, ya jera wanda zai fara da wanda zai biyo, ya buga wa wanda layinsa ya yanke waya ya sa shi a lasifika. Bayan an tashi ya rubuta shawarar da aka tsayar ya aika wa kowane reshe, ya kuma sa ranar da za a sake tambayar likitan yadda majiyyacin ya kwana.